Yatsu Uku Tsakanin Taya da Taya

Tun da na dawo daga ƙasar Nijar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencinmu na Ƙofar Mazugal sai wani ya ce, "Sabo, wai da gaske ne ka ja ɗaki da mota har ƙasar Faransa?" In fara ba da labari, ina kaiwa Kazaure sai a turo mini taya ta yi faci, in tashi. Gobe wani ya zo ya ce in faro daga farko. Akwai wanda ya raka ni Daura sau huɗu a bakin bencin nan, har yau bai tsallake iyaka ba. Shi ya sa na sayi littafi na ce bari in zube labarin gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in yi facina. Rubutun na ajin yaƙi da jahilci ne, sai a yi haƙuri da shi.

Inna Hansatu ce dalilin tafiyar. Matar wan mahaifina ce, ita ta ɗauke ni ina da wata takwas, ranar da aka binne mahaifiyata, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Asalinta ba 'yar Kano ba ce. An kawo ta birni riƙo tana shekara bakwai, a wata shekarar yunwa, daga wani ƙauye da ake kira Rijiyar Kanwa, can gaba da Matamaye a ƙasar Nijar. Tun ranar ba ta koma ba. Ta yi aure a nan, ta binne miji a nan, Hausarta ta zama ta cikin ganuwa tsaf, har ni kaina nakan manta cewa tana da wani gari.

Ana tsakiyar hayaniyar zaɓen da ya sallami soja, wani falke mai kanwa ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce ya sha tambaya kafin ya same mu. Saƙonsa gajere ne: yayar Inna, Habi, tana nan da rai, amma idonta ya tafi, jiki ya yi rauni, kuma kullum sai ta tambaya ko an ji labarin ƙanwarta da aka kai Kano. Inna ta sa aka ba shi ruwa da goro. Kwana uku tuwonta yana dawowa kamar yadda aka kai shi. A rana ta huɗu ta kira ni ta ce, "Sabo, ka kai ni in ga Yaya."

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Damina biyu da suka wuce Inna ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma tun daga nan ba ta iya zama ya wuce tsawon cin abinci, sai kwanciya. Wace motar haya ce za ta ɗauki tsohuwa a kwance, ta tsallake iyaka da ita, ta shiga rairayi? Na yi mako biyu ina juya abin a raina, ina buga taya da guduma fiye da yadda take buƙata.

Alhaji Namadi ɗan siyasa ne ya fid da ni. Kun san ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ya saya hannun wani Bature mai aikin hanya da zai koma gida: akwati ne fari mai taga da ƙofa, da gado a ciki, da wuraren ajiya a ƙarƙashin gadon da bayansa, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Alhaji ya shafe shi da fentin jam'iyya, ya kafa masa lasifika a ka, ya yi yawon neman ƙuri'a da shi. Ya faɗi zaɓen faɗuwar da ba ya son a tuna masa. Da na je masa da maganar sai ya ce, "Ɗauke shi daga gabana, Sabo. Ga jif, ga Ado direba. In kun ga dama ku bar shi a can."

Na zagaya ɗakin na duba ƙafafunsa. Taya huɗu ne, biyu a kowane gefe, ɗaya na bin bayan ɗaya a kusa da kusa. Ƙanana ne ƙwarai, duk sun tsattsage, an yi su ne don kwaltar ƙasar Turawa. Mai kanwa ya riga ya gaya mini cewa daga Matamaye zuwa ƙauyen sai burji, daga burji sai rairayi. Waɗannan 'yan tayoyi za su nutse tun ba a je ko'ina ba, kuma duk ramin da suka faɗa ƙugun Inna ne zai ji. Sai na yanke shawarar in sa manya irin na jif, masu faɗi da tsayi, har da ta biyar ta ko-ta-kwana.

Kwana shida muka yi a kan aikin, ni da Malam Garba mai walda. Ramukan noti ba su dace ba, sai da aka sake huda su. Ƙarfen da ke rufe saman taya ya yi ƙasa, Malam Garba ya yanke shi ya ɗaga. Da muka sauke jak ɗakin ya tsaya ƙerere, har ya yi kwarjini. Na tura hannu tsakanin tayar gaba da ta baya, yatsuna uku suka shige daidai. Malam Garba ya ɗaga tabaransa na walda ya ce, "Ka auna shi da kaya a ciki kuwa?"

Na ce, "Wane kaya? Tsohuwa ce da ba ta kai buhun gero ba, sai matata Rabi mai kula da ita. Shekara ashirin ina wannan sana'a, Malam Garba. Kai dai ka ji da wutarka."

Ya mayar da tabaransa ya ci gaba da walda. Na rubuta wannan ne don ya karanta ya ji daɗi, tunda shi ya ci gardamar.

Abin da na manta shi ne unguwarmu. Lungunmu ba ya cin mota, don haka a filin bakin ƙofa muka ajiye ɗakin, kowa yana gani. Da labari ya bazu cewa za mu Matamaye, sai ga mutane. Ashe rabin unguwar nan suna da 'ya ko ƙanwa ko aboki a can. Hajiya Uwani ta aiko da kan keken ɗinki wa surukinta. Wani ya kawo galan biyu na manja, wata turamen atamfa, wani buhun masara, wani bandir na kwanon rufi. Kowa da irin kalmarsa guda: "Ɗan saƙo ne, ba nauyi." Kun sani, na sani, ba a mayar wa maƙwabci da saƙo a ce mota ta cika. Ranar Juma'a na tafi masallaci, daga can na wuce wajen Ado muka duba jif, na bar Rabi tana karɓa tana shiryawa. Inna kuma ta ce a kai ta ciki tun ranar, wai ta saba da gadon. Maza huɗu suka ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa.

Asabar bayan sallar asuba muka ɗau hanya. Ni da Ado a gaba, Inna da Rabi a ɗaki. Mun yi da Rabi cewa in akwai matsala ta fito da ɗankwali ta taga ta kaɗa, Ado zai gani a madubi. Ado mutum ne mai son magana da gudu, na hana shi ɗaya, ya rama da ɗayan. Kafin mu kai Kazaure na san tarihin duk motar da ya taɓa tuƙawa da laifin kowane maigida.

A nan ne na fara jin wani ɗan ƙara a baya duk sanda muka hau gargada, cuwit, cuwit. Ado ya ce, "Mene ne wannan?" Na ce sababbin tayoyi ne, suna gaisawa. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma cikina bai yi ba. A Daura muka tsaya aka yi wa Inna kunu. Mutane suka kewaye mu saboda fentin da lasifikar, wani dattijo ya matso ya ce, "Ba an gama zaɓen ba, ko ku ba ku ji ba?" Na leƙa tsakanin tayoyin da sunan ɗaure takalmi. Yatsa ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar. Na ce a raina saƙon mutane ne, da mun sauke a Matamaye shi ke nan.

A gefenmu na iyaka ba a ɓata mana lokaci ba. Ma'aikacin ya leƙa, ya ga tsohuwa a kwance da carbi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Allah ya tsare. Da muka isa gefen Nijar sha biyu ta ɗan gota, sanda tana gicce a hanya, jandarmomi suna kishingiɗe a gindin bishiya. Ado ya danna ham. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Wani mai shayi, Buzu da rawani har hanci, ya yafito mu ya ce mu daina wahalar da kanmu, ba a buɗewa sai uku da rabi. Wai a ƙasarsu da rana ta take, ofis da kanti da asibiti duk kwanciya suke. Ado ya ce in aka yi haka a Kano rana ɗaya kasuwa sai ta yi kuka.

Muka zauna wajen mai shayin. Ya daɗe yana zuba shayin daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, sannan ya miƙo mini wani ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsana ba. Na shanye a kurɓi ɗaya, ɗaci ya kama ni har kunne, na yi godiya na miƙe. Ya riƙo gefen rigata ya ce, "Zauna. Wannan na fari ne. Ba a tashi sai an sha ukku." Na biyu ya fi na farko sauƙi, na uku kuwa zaƙi zalla. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Ado ya ƙwanƙwasa ƙofar jif da shi don ya nuna mini, amma shi ya cinye biyu.

Uku da rabi daidai babban jandarman ya tashi, ya gyara ɗamara, ya zo da fuska a murtuke. Ya nemi takardu. Na miƙa masa takardar harajina ta bara, na ce ita ce ta ƙarshe, sabuwar gwamnatinmu ta soke. Ya dube ni kamar na ce an soke azahar. Sai ya ɗaga kai ya ga lasifika, ya ga fenti. Ya ce, "A nan ba a siyasa. Soja ke mulki, kuma lahiya lau muke." Dole Ado ya hau ya kwance lasifikar, aka ajiye ta a ofishinsu sai mun dawo. Sannan ya ce zai duba ciki. Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga ƙafa zai taka, sai muryar Inna ta fito daga kan gado.

"Yaro, ɗaki ne fa. Cire takalmin."

Ni dai na ce yau a nan za mu kwana. Sai mutumin nan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa na soja, ya shiga da safa ya tsuguna. Ta tambaye shi garinsu, ta tambayi mahaifiyarsa, ta gaya masa inda za ta da abin da zai kai ta. Ya fito bai buɗe ko ƙulli ɗaya ba, ya ɗaga sanda da hannunsa ya ce wa Ado, "Ka tahi da ita sannu."

A Matamaye muka sauka gidan Malam Isuhu tela, surukin Hajiya Uwani, mai kan keken ɗinki. Tun kafin a tambaye mu sunayenmu aka dire mana ƙwaryar fura da nono, mai kauri, gero na bana. Da yamma aka kawo tuwon gero da miyar kuka da wani busasshen abu fari mai faɗi da suke kira cuku, da madara ake yin sa. Ni na ɗauka sabulu ne, sai da na ga mai gida ya gutsura. Hausarsu tamu ce, sai dai makaranta lakwal ce a wurinsu, mu kuma mutanen Ingilishi suke ce mana yadda muke ce musu mutanen Faransa. Bayan magariba Malam Isuhu ya matso kusa da ni, ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Wai da gaske ne kun ce wa soja su koma bariki, suka koma?" Na ce haka muka gani, muna dai kallo.

Kafin lokacin masu saƙo duk sun zo sun karɓi kayansu. Kowa ya karɓa kuma sai ya dawo da nasa ɗan saƙon da za a kai Kano, shi ma ba nauyi. Na roƙe su su ajiye sai mun juyo.

Da safe na tsuguna na tura hannu tsakanin tayoyin, ina sa ran yatsuna uku. Ɗaya da rabi. Na duba ɗaya gefen, haka. Ga shi an sauke masara, an sauke kwanon rufi, an sauke manja. Na tsaya ina kallon sifirin, ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin ɗakin a kan tayoyi, ya miƙe sambal maimakon ya lanƙwasa. Irin wannan ɗaki, in nauyi ya danne sifirin, tayar gaba takan ja baya, ta baya ta matso gaba, su nufi juna. Na san haka sarai. Amma girman kai ya hana ni tambayar ina nauyin yake, na ce wa kaina sifirin ne ya gaji. Ado ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, mu tafi.

Daga kwalta muka sauka burji, mai gargada kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya. Cuwit ɗin nan ya daina tsayawa, ya zama kuka ɗaya dogo. Warin roba ya fara shigowa. Ina buɗe baki in ce wa Ado ya tsaya, sai muka ji fam! Ɗakin ya karkata hagu, ɗankwalin Rabi ya fito ta taga yana kaɗawa, kamar ba mu ji da kunnenmu ba. Na diro da gudu na buɗe ƙofa. Inna tana riƙe da ƙarfen gado, ta dube ni ta ce, "Sabo, wa ya yi harbi?"

Tayar gaba ta hagu ta yage, ta bayanta ta cinye ta. Muka ɗauko Inna ni da Ado muka kwantar da ita a tabarma a inuwar wani gawo. Na kafa jak, ya nutse a ƙasa bai ɗaga komai ba. Na ce sai an rage kaya. Rabi ta ce, "Wane kaya kuma? Ai an sauke." Yadda ta faɗe shi tana kallon ƙasa ne ya sa na shiga da kaina na ɗage katifar.

Dutsen niƙan Inna ne ya fara kallona. Kusa da shi turminta da taɓare biyu. Tukwanen ƙarfe uku, ɗaya cikin ɗaya. Na buɗe ma'ajin baya, ga akwatunanta na ƙarfe guda biyu, ga gadonta an kwance shi an ɗaure ƙafafun da igiya, ga kwanukan jerenta na aure a naɗe cikin tsumma, ga buhun gishiri da na sukari. Har 'yar kujerar da take zama a kai tana tsefe kai kafin ta karye. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya na jera a bakin hanya. Ɗakin Inna ne gaba ɗaya, ba abin da ya rage a Kano sai bango.

Na ce wa Rabi, "Wannan tsaraba ce?"

Ta ce, "Ranar Juma'a ta sa aka kwaso. Ta ce kada in gaya maka, in ka sani ba za ka kawo ta ba." Sai ta fashe da kuka.

Na je na tsuguna a gaban Inna. Ta ɗebi rairayi a hannu tana murzawa, ba ta dube ni ba. Na ce, "Inna, kin ce in kai ki ki ga Yaya."

Ta ce, "Haka na ce."

"Ba ki ce in kai ki in baro ki ba."

Ta ce, "Ita ba ido, ni ba ƙafa. In an haɗa mu a ɗaki ɗaya an sami mutum guda. Kai kana da Rabi, kana da 'ya'ya, kana da sana'a. Ita wa take da shi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na koma wajen tayar na zauna a ƙasa da sifana a hannu. A nan ne wani tunani ya zo mini wanda har yau nake jin kunyarsa. A duk wurin nan ni kaɗai na san taya. In na tashi na ce ɗakin ba zai shiga rairayi ba, sai dai mu lallaɓa mu koma kwalta, ba wanda zai musa mini. Ado zai yi murna. Rabi ba za ta sani ba. Inna za ta koma ɗakinta, in ci gaba da leƙa ta kowace safiya kafin in fita, tana yi mini faɗa a kan baƙin mai a rigata. Na shirya maganar tsaf a bakina. Na waiga in faɗa, sai na ga ta juya fuskarta gabas, wajen da hanyar ta miƙa, ta ɗaga kai daga tabarma iyakar yadda ƙugun zai bar ta, tana leƙe.

Na ce, "Ado, kawo dutsen niƙan nan mu sa a ƙarƙashin jak."

Da kaya suka fita, jak ya sami wurin tsayawa, ɗakin ya ɗagu ba gardama. Na sa ta ko-ta-kwana, na ɗaure noti, muka sauke. Sifirin ya koma ya lanƙwasa. Na tura hannu, yatsu uku cif. Tayoyina ba su da laifi, kuma Malam Garba ma ba shi da shi.

Saura kayan. Muna tsaye muna shawara sai ga wani dattijo da amalanken shanu ya fito daga gona, sunansa Baba Tanko. Ya yi mana gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gajiya da hanya da mutanen Ingilishi baki ɗaya, sannan ya tambayi inda za mu. Da ya ji sunan Habi makauniya ta Rijiyar Kanwa sai ya ce tana nan, shekaranjiya ma matarsa ta gan ta. Ya ce a ɗora kayan a amalankensa, zai biyo mu a hankali. Ya zagaya ɗakin, ya danna taya da ƙafa ya ce, "Ta yi tauri. In kun kai rairayi ku sace mata iska."

Na ce, "Baba, ni mai faci ne. Aikina sa iska, ba cirewa ba."

Ya ce, "To, kai ka sani."

Ba mu yi tafiyar kirki a rairayin ba muka kafe. Jif tana ta haƙa rami tana kuka. Muna nan har Baba Tanko ya iso da shanunsa, ya tsaya yana sosa wuyan ɗaya daga cikinsu. Na tsuguna da tsinke na bi tayoyi takwas ina sace musu iska, yana kallo. Suka baje, suka hau kan rairayin, muka wuce sumul. Ƙananan tayoyin Bature da ko an yi musu haka ba za su kai ba, wannan kam na faɗa ko don in rage zafi.

Da la'asar muka shiga Rijiyar Kanwa. Gari ne ɗan ƙarami, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, duk cike da sabon gero. Kowa ya fito kallon ɗaki mai tafiya. Aka nuna mana gidan, muka tsaya a bakin danga. Kafin mu san yadda za mu shigar da Inna, sai ga wata mata ta riƙo hannun wata tsohuwa siririya, doguwa, idanunta fari fat. Aka taimaka mata ta hau cikin ɗakin. Ta laluba gefen gado, ta sami ƙafa, ta bi har fuska, ta tsaya a kan wani tabo da ke goshin Inna. Ta ce, "Ni na jefe ki da ludayi a nan." Inna ta ce, "Ke ce, Yaya." Na jawo ƙofa na rufe musu, muka koma gefe ni da Ado da Rabi. Ado bai yi magana ba har aka kira magariba, kuma wannan shi ne abin mamaki mafi girma da na gani a ƙasar Nijar.

Kwana uku muka yi. Na ɗaura gadon Inna a ɗakin Habi, na kafa turmi a inda ta ce, na liƙe wani rami a rufin da jinka. Mutanen garin suna ce mini mai mota, sun ɗauka haya aka ɗauko ni. Ban gyara musu ba. A kwana na biyu na ji Inna tana ce wa wata maƙwabciya "lahiya lau", kamar ba ta taɓa shan ruwan Kano ba, abin ya sosa mini rai.

Ranar komawa, da hantsi, Ado ya juya mota, Rabi ta gama sallama ta shiga. Na je bakin ƙofar ɗakin na tsuguna. Suna kan gado ɗaya, Habi a zaune tana tsefe wa Inna kai da lalube, Inna tana gaya mata inda ta bari. Na ce, "Inna, za mu kama hanya. Bayan babbar salla zan dawo in ɗauke ki."

Ta ce, "Ka dawo ka gan ni. Ɗauka kam an gama."

Habi ta tsayar da hannunta ta karkato kunne. Ta ce, "Wane ne wannan, mai motar ne?" Ba ta jira amsa ba ta ci gaba, a hankali, irin ta mai jaje. "Mai kanwa ya ce mini Allah bai ba ki haihuwa ba, Hansatu. Na yi miki kuka."

Shekara talatin da bakwai ina gaban Inna, kunya irin ta mutanen da ba ta taɓa barinta ta yabe ni ko ta ce ni nata ne a gaban kowa ba. Ta ɗago kai ta dube ni.

Ta ce, "Ƙarya ya gaya miki, Yaya. Ga ɗana nan a bakin ƙofa. Shi ya kawo ni."

Na tashi na bar bakin ƙofar. Na zagaya bayan ɗakin Bature inda ba kowa, na tsuguna a gindin taya na dafa ta kamar mai duba iska. Na daɗe a wurin. Ado yana kallona a madubi, bai danna ham ba.